Tambayoyin Lafiya: Gajiyar da barci ba ya maganinta

Likita, ni ma'aikaciyar banki ce a Wuse da ke Abuja. Da asuba nake barin Mararaba don gudun cunkoso, ba na komawa gida sai bayan isha'i. Ko na yi barci ba na jin na huta, kuma kwastoma na zuwa sai in ji haushinsa ba gaira ba dalili. Taifot ne?

Hajiya, kada ki sayi maganin taifot a kemis ba tare da gwaji ba. Ki je asibiti a duba ko kina da ƙarancin jini, a auna sukari da hawan jini. In duk sun fito lafiya, abin da kika zayyana ya yi kama da matsananciyar gajiyar aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba, kuma ta kawo alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani aikin ko ya daina damuwa da shi, sannan ƙwazonsa ya ragu. Biyu kin faɗe su da bakinki.

Ki lissafa awoyinki na mako. Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Ki karɓi hutunki na shekara, haƙƙinki ne a dokar ƙwadago, kuma ranar hutu ki ajiye wayar ofis.

Ni kuma Likita nawa ya sha bamban. Ma'aikacin gwamnati ne ni, a Kubwa nake zaune. Da na sa hannu a rajista shi ke nan, sai jarida da latsa waya har a tashi. Wani lokacin sati guda fayil ɗaya ke biyowa ta teburina. Amma ina komawa gida a gajiye tiɓis. Uwargida ta ce rashin godiyar Allah ne.

Malam, a gaishe da uwargida, amma a nan ban goyi bayanta ba. Zaman kashe wando a ofis yana cin mutum, kuma ƙorafin da kuke zuwa da shi kusan iri ɗaya ne da na wadda aiki ya danne: kasala, ciwon kai, rashin barci, saurin fushi. Ita an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kai an hana ka amfani da abin da ka iya, ku biyun kuma babu mai ta cewa a kan yadda yininsa zai kasance.

Naka har ya fi wuyar faɗa. Wa zai tausaya wa mai karɓar albashi yana zaune, a garin da masu digiri ke yawo da takardu? Shi ya sa irinku kan yi shiru, a baza takardu a tebur don oga ya ga kamar ana aiki, wannan ɓoye-ɓoyen ma gajiya ce ta daban. Ka nemi a ba ka wani aiki takamaimai ko a sauya maka sashe. In ya gagara, ka shiga karatu, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a nan da hedikwatarta a Jabi. Ka riƙa tashi kana taka ƙafa, don dogon zama shi ma ba ya barin jiki lafiya.

Mijina na shan lemon ƙara kuzari da rana, da dare ya sha ƙwayar barci. Akwai illa?

Akwai. Lemon shi ke hana shi barcin, yana kuma iya ɗaga masa hawan jini, ƙwayar kuma jiki na sabawa da ita. Ya rage lemon, ya daina shan sa daga azahar. Ƙwayar kuwa, in ya daɗe a kanta kada ya yanke lokaci guda, likita ne zai rage masa a hankali. In kika ga ya daina jin daɗin komai har a gida, sama da mako biyu, ko yana cewa gara mutuwa, abin ya wuce gajiyar aiki. Ki raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.