Furena Ya Sauya Launi, Me Ya Same Shi?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na sayi furen haidiranjiya shuɗi a tukunya, na dasa shi jikin katangar gidanmu a Jos. Bana da ya yi fure sai ya fito ruwan hoda. Ko ciwo ne? Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, lafiyarsa lau. Wannan fure, wanda asalinsa daga Japan yake, ƙasar da aka dasa shi ce ke zaɓa masa launi. In ƙasar mai tsami ce, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH bai wuce 5.5 ba, saiwarsa kan sha sinadarin aluminiyam, furen ya yi shuɗi shar. In ma'aunin ya haura 7, wato ƙasar ba ta da tsami, sai furen ya koma ruwan hoda. Ni katangar nan nake zargi, domin siminti na kashe tsamin ƙasa. Toka ma haka take, in kina zuba masa ki daina.

Ki matsar da shi nesa da katanga, inda zai sami ranar safe da inuwar la'asar. Ki narka babban cokali ɗaya na aluminiyam salfet, sinadarin da ke ƙara wa ƙasa tsami, a ruwa lita 4, ki zuba a gindinsa bayan kin jiƙa ƙasar. Ban da gaggawa, sai fure na gaba za ki ga canji.

Kin yi dace da sanyin Jos, a zafin Kano da kyar yake rayuwa. Amma akwai shi da ƙishirwa, musamman lokacin hunturu. Sannan don Allah ki tsare shi daga awaki da yara, ganyensa da furensa suna da guba.