Baba, ga abin da muka gada, mu maginan zangon Kumasi

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Ranar da muka zauna a zaurenka na cikin birni bayan la'asar, ka ɗaga sanda ka nuna mini rufin, ka ce in faɗi sunan abin da nake gani. Na yi shiru. Ka ce ɗaurin guga ke nan, sannan ka jefo tambayar da take cina tun da na sauka Zariya: in babu wanda ya iya wannan a cikinmu, to me muka gada da har muke kiran kanmu gidan magina a Kumasi? Ban so in ja magana da kai a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto kafin in kama hanya.

Kakanmu, ƙanen mahaifinka, ya iya. Da hannunsa ya koya a nan, wajen maginan da suka tashi a kan aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Har ya rasu yana ba mu labarin yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta tsima, a dunƙula tubali a shanya, a jera azara hawa hawa har bakan gizo ya haɗu a sama. Ya bi fataken goro ya gangara kurmi, ba da niyyar zama ba. Ya tarar jirgin ƙasa ya riga shi, don tun 1903 layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi, kuɗin koko na shigowa, kowa na neman ɗaki. Sai ya zauna.

Sama ce ta fara karɓe masa sana'ar. Ku a nan damina ɗaya kuke yi, ta wuce a samu rani mai tsawo da tubali zai bushe, magini ya yi aikinsa, a yi yaɓe kafin ruwan fari. Mu damina biyu muke yi a shekara, kuma ko ba a ruwa, iska a jiƙe take. Soron ƙasa na farko da ya rufa a can, in ji mahaifinmu, bai ga damina ta uku ba, ko da ya sa masa indararo huɗu. Ga shi babu giginya a kurmi balle azara, ɗorawa sai an nausa arewa balle makubar da ake shafe bango da ita, babu marina kusa da za a kwaso katsi, wato dattin shunin da ake yaɓe da shi don tare ruwa. Abin da ke akwai shi ne katako, loko da ire-irensa, sai kwanon rufi da 'yan kasuwar Turawa ke kawowa. Ya koyi ɗora katanga ya bar wa kafinta rufi. Mahaifinmu kuwa da bulo da siminti ya tashi, ni kuma da rodi da zuba kankare. In kiɗa ya canza, ai dole rawa ta canza.

Amma ka shiga gidan da muka gina a Aboabo ko Asawase, ko ba a faɗa maka ba za ka gane hannun Bahaushe ne. Gidajen Kumasi na haya ɗakuna ne zagaye da tsakar gida, ƙofa ta miƙe ɗoɗar, mai wucewa a titi yana ganin mai girki. Mu ba ma yin haka. Ko fili ya kai ƙunci, sai mun karya hanyar shiga, mun fitar da ɗan zaure inda mai gida zai tari baƙo, yara su yi karatun allo da safe. Ba ma aza bayan gida yana fuskantar alƙibla. Muna barin dakali a ƙofa. A kan masallatai har yau muna ɗora zanko, na siminti ne dai, kuma akwai yaranmu da ba su san daga ina siffar ta fito ba. In ginin masallaci ne, ba a karɓar ladan aikin mihrabi a gidanmu, tun daga kaka.

Ka kuma tambaye ni yadda baƙo ke mallakar gida a ƙasar wasu. A ƙasar Tonawa, wato Asante, fili na kujerar sarauta ne, ba a sayar da shi ɗungurungum. Sarkin yankin ne ke ba ka, ka kai abin da suke kira kuɗin abin sha, a rubuta maka haya mai dogon zango, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce kada ya wuce 50. Saboda haka magini a wurinmu ba ya tona harsashi sai ya ga takarda da idonsa. Na sha mayar da kuɗin mutane a kan wannan, wasu suka yi fushi, amma gara fushinsu da a rushe musu gini bayan an kai linta.

Wannan tsantsenin daga 1969 muka koye shi. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga Ghana. Zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, ya watse. Mutanen da aka haifa a can, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci, wasu suka sayar da gida a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba. Wasu kuwa mahaifinmu suka kawo wa mabuɗai, don shi ya gina gidajen, shi ya san kowane lungu nasu. Shekara da shekaru yana karɓar haya, yana toshe yoyo, yana aika saura ta hannun direbobin goro. Littafin da yake rubuta lissafin da ajami yana nan a akwatina. Jikokin waɗannan mutanen ne ke ba mu aiki yau, kuma ba sa neman shaida a kanmu. Da ka ce me muka gada, Baba, littafin nan ne ya fara faɗo mini a rai.

Batun gado ma yana da bambanci. A al'adar Tonawa ɗan 'yar'uwa ne ke gadon kawunsa, sai a 1985 aka yi dokar da ta ba mata da 'ya'ya kasonsu. Mu dai rabon shari'a muke yi. Sai dai kayan aiki da sunan gida ba a raba su: ana ƙiyasta kuɗinsu a biya magada, sana'a ta zauna hannun wanda ke hawa katanga. Yaran da muke koya wa aiki kuwa ba 'ya'yanmu kaɗai ba ne, akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai Tonawan kansu, kuma da Hausa ake magana a wurin aiki, irin tamu wadda kuka ce ba ta raba mace da namiji. In yaro ya ƙware sai a yi walima a yaye shi, a ba shi cokalin gini da igiya da ma'auni, liman ya yi addu'a.

Na ga ka gyara zama da na ce 'yata ce ke mana lissafin kayan gini. Ta karanta shi a jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, kamar yadda naku ke yi a Samaru. Tun da ta karɓi aikin, babu mai bulon da ya sake cusa mana wanda aka tsuke wa siminti, irin wanda za ka murza da yatsa ya zube.

Duk da haka maganarka ta zauna mini. Lokacin da labari ya iso mana a watan Agustan 2023 cewa wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta kan masallata, dattawanmu sun taru sun yi wa mamatan addu'a, ni kuwa na kwana ina tunanin cewa da za a ce mu zo mu taimaka, babu mai iya ɗaura azara ɗaya a cikinmu. Ƙaramin ɗana yana da hannu, kuma yana da haƙuri. Ina so in turo maka shi da kaka, in ruwa ya ɗauke, ya yi rani guda a nan. Ka nema masa magini cikin dattawan da suka rage a unguwar Babban Gwani, ya fara daga taka ƙasa kamar kowane yaro. Abincinsa da kuɗin motarsa suna wuyana, wurin kwana kawai nake roƙo, ko a zauren nan ne.