Tambaya da Amsa: Tura kura ko jan ta, wanne ke cin baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ga-ruwa ne a Agege, shekara huɗu kenan ina tura kura, jarka goma nake ɗorawa. Yanzu kwankwaso ya matsa min, da asuba ko ruku'u da ƙyar nake ɗagowa. Abokina yace in daina turawa in koma ja wai yafi sauƙi. Dan Allah meye gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya baka lafiya ya sa albarka a neman halak. Gaskiya kar ka bi shawarar abokin nan. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, goma kenan kilo 250, buhun shinkafa biyar fa, ban da nauyin kurar kanta. In kana turawa nauyin jikinka ne ke taimaka maka, ka ɗan jingina gaba ƙafafu su yi aikin kuma kana ganin hanya. In ja kake yi, ko dai kana tafiya da baya baka ganin rami, ko ka miƙa hannu ɗaya baya ka murɗe jiki, to wannan murɗawar da kaya a hannu ita ke wahalar da kafaɗa da guringuntsin dake tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, musamman na can ƙasa wajen ƙugu inda kake jin ciwon.

Amma turawar ma akwai yadda ake yinta. Lokacin da kura tafi nauyi shine sanda zaka tashe ta daga tsaye, in ta fara tafiya ƙarfi kaɗan take buƙata. Na sha tsayawa bakin titi ina kallon 'yan'uwanmu, mutum ya sunkuya ƙafa a haɗe baya a lanƙwashe ya fizgi mariƙi da ƙarfin tsiya, wallahi har cikin raina nake ji. Durƙusa kaɗan da gwiwa, ka kama mariƙi da hannu biyu, baya a miƙe, ka ɗago da cinyoyi, sannan ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ka tura a hankali, gwiwar hannu kusa da jiki kar ka miƙe hannu gaba ɗaya. Mariƙin ya zama tsakanin ƙugunka da gwiwar hannu, in yayi ƙasa da yawa kai wa mai walda ya gyara. In zaka sha kwana juya da ƙafafunka.

Sai taya, wadda ba iska ko wadda barin ɗinta (wato bearing, ƙarfen tsakiya da take juyawa a kai) ya cinye tana ƙara maka wahala a banza. Jarkoki su zauna daidai kan tayoyi. Da damina kasan yadda lungunan Legas ke zama, ka rage jarka biyu ka ƙara sawu, kuma ka bar silifas ka nemi takalmin da ke riƙe ƙasa. A gangare kar ka taɓa shiga gaban kura, in ta maƙale a kwata kira wani ya kama maka.

Batun maganin kashe ciwo da ake sha a koma aiki, dan Allah a kiyaye, rufe ciwon yake yi ɓarnar na ci gaba. Tunda naka ya kai ga hana ka ruku'u, je asibiti a duba ka, akwai Asibitin Ƙashi na Igbobi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. In kaji ciwon na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa ba ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce maka, ranar zaka tafi kar ka kwana.