An ce mini YZ250 ne na 1979 amma an sake mashi kaya, in saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara basira. Ni ɗalibinka ne daga Mabera a Sakkwato. Wani dillali ya nuna mini mashin na tsere irin na daji, ya ce Yamaha YZ250 ne ƙirar 1979, ta Ƙwanni a Nijar anka shigo da shi. Mashin ɗin ya yi kyau wallahi, shuɗi ne, shina da birkin diski a gaba, shokar gaba irin ta zamani mai kauri daga sama, ga fitila ga makulli. Ya ce duk wannan gyaran ƙarin daraja ne, wai Turawa na neman irinshi ruwa a jallo. Kuɗin da ya faɗa sun kai na sabon Boxer biyu. Don Allah gangariya ne? Kuma ya kai wanga kuɗi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, na gode. Tun kafin in yi nisa bari in ce maka kar ka ba da ko sisi tukuna, ko kafin alƙalami kar ka bari a karɓa, don abubuwa huɗun nan da ka lissafa, shuɗin launi da diski da shoka da fitila mai makulli, babu ko ɗaya da YZ250 na 1979 ya fito da shi daga kamfani. Wannan bai nuna lallai dillalin ƙarya yake ba, ta yiwu shi ma haka anka faɗa mashi, amma ya nuna mashin ɗin ya ratsa hannuwa da yawa kuma kowa ya bar sawunshi.

YZ250 na waccan shekara injinshi iska ke sanyaya shi, babu lagireto, sai a 1982 Yamaha ta sa ma 250 ɗin ruwa. Birkinshi gaba da baya dirom ne irin dai na Boxer ɗin da ka ambata, diski bai hau gaban YZ250 ba sai 1985, ita kuwa shoka mai kauri daga sama sai 1989. Launi kuma wanda anka kai Amurka rawaya ne da baƙi, na Turai fari da ja, shuɗin nan da yaran yanzu sunka san Yamaha da shi a 1996 ya fara a kan YZ. To ka ga an ɗauko kayan shekaru daban-daban an ɗora ma casis guda.

Fitila da makulli su sunka fi tsaya mini a rai. YZ don fili anka yi shi, a tayar da kiki a yi tsere a kashe da maɓalli, ba ya da fitila ba ya da mita ba ya da wurin taka ƙafar goyo, kuma ba ya da tankin baƙin mai daban, a jarka ake haɗa mashi fetur da mai a zuba. Wanda ke da fitila da makulli da famfon mai na kanshi shi ne DT, wato DT125 da DT175 da mu nan munka tashi muna ganin malaman gona da ma'aikatan asibiti na ratsa yashi da su zuwa ƙauyuka. DT175 na wajen 1978 zuwa sama shi ma kamar YZ shoka guda gare shi a baya wadda ta shige ƙarƙashin tanki, shi ya sa in anka sa mashi robobin zamani da dogon madigadi da sitika mai YZ, wanda bai sani ba sai ya rantse. Na sha ganin haka. Akwai kuma na uku, IT, wanda Yamaha ta yi don tseren cikin daji, shi da ma shuɗi ne mai haske kuma da ƴar fitilarshi ya fito, don haka ta yiwu abin da ka gani IT ne ko an haɗa da kayanshi. IT mashin ne mai kyau ƙwarai, amma ba YZ ba ne kuma ba a saye shi da sunan YZ.

Yadda za ka raba gardama ba wuya. Mai sayen doki haƙora yake buɗawa ya duba, ba kayan adon da anka ɗora mashi ba, to haƙoran mashin su ne lambobinshi. Ka koma da rana tsaka ba da magariba ba, ka tafi da tsumma da ɗan fetur. Ka karya kan mashin gefe ka goge wuyan casis, nan inda sitiyari ke juyawa, akwai lamba da anka buga a jikin ƙarfen. Na 1979 YZ250 da 2X4 take farawa. Sannan ka duba saman kes ɗin injin, akwai wata lambar, kuma a Yamaha na waɗannan shekaru lambar injin da ta casis iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, in sun saɓa to an sake inji. A nan mutane ke rikicewa don Honda ba haka take ba, tsoffin Honda lambobin biyu kusa suke da juna amma ba sa zama ɗaya, don haka kar wani ya kawo maka hujjar Honda a kan Yamaha. Bayan nan ka sunkuya ka duba gindin bulok, akwai adadin cc, wato girman injin, da anka zuba tare da ƙarfen, wanda ba a iya gogewa a sake cikin sauƙi. Na 250 za ka ga 246, in ka ga 171 to DT175 ne ko IT175, in ka ga 123 to 125 ne, magana ta ƙare.

In kuma ka tarar da doguwar lamba mai harafi da alƙaluma 17 wadda ta fara da JYA, wannan tsari daga 1981 ya fara aiki, ba zai zama na 1979 ba. Ka ƙirga zuwa na goma shi ke faɗa maka shekara, B 1981, C 1982, haka har gaba.

Kuma kar ka tsaya karanta lambar kawai, ka shafa wurin da yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinshi ɗaya, ƙarfen kewaye da shi a kumbure yake yadda bututu ya kamata ya zama. In ka ji wurin ya yi shafal kamar an bi shi da giranda, ko wani harafi ya leƙa sama wani ya nutse, ko fentin wurin ya fi na ko'ina kauri, ka yi sallama ka kama hanyarka, ko nawa anka rage maka. Mashin da anka goge ma lamba sau da yawa na sata ne, kuma kai da kanka ka san halin da ake ciki a yankinmu, mashin na daji mai tsawo babu takardar kwastan babu rasit babu lamba mai kyau, in anka tsayar da kai da shi a hanyar Illela ko ta Isa bayanin da za ka yi ba ƙarami ba ne. Tunda an ce ta Ƙwanni ya shigo, takardar kwastan ita ce farkon abin da za ka nema, kuma lambar da ke cikinta ta yi daidai da ta wuyan casis harafi da harafi.

Yanzu mu ɗauka ka duba ka ga 2X4 sama da ƙasa, gangariya ne. Shin gyaran ya ƙara mashi daraja? A wajen Turawan da dillali ke faɗa, a'a, rage mashi ya yi, kuma sosai.

Gaskiya ne ana son wanga mashin a waje, kuma da dalili. Shoka guda ta baya da Yamaha ta samo daga wani injiniya ɗan Beljiyam Lucien Tilkens ita ta sauya tseren gaba ɗaya, da ita Hakan Andersson ɗan Suwidin ya ci kofin duniya na 250 a 1973, a 1975 ta hau kan YZ250 na kasuwa, sannan Bob Hannah ya zo ya lashe gasar Supercross ta Amurka sau uku a jere, 1977 da 1978 da 1979, a kan Yamaha rawaya. Yaran da sunka kalle shi a lokacin su ne dattawan yau masu kuɗi a hannu, abin da suke saye shi ne ƙuruciyarsu, suna son mashin ya zama yadda sunka gan shi a shago suna yara. Shi ya sa wanda ba a taɓa ba, da tsohon fentinshi da ƙujewarshi da koɗaɗɗiyar sitika, sau da yawa ya fi wanda anka wanke tas tsada. Bayanshi sai wanda anka yi ma garambawul da kayan shekararshi. Na ƙarshe shi ne haɗe-haɗe irin wanda anka nuna maka.

Har masu sayen don su yi tsere da shi ba za su so diskin ba. A Amurka akwai ƙungiyar AHRMA mai shirya tseren tsoffin babura, ajinsu na tsoffi na ainihi ya tsaya a 1974 kuma sun ƙayyade motsin shoka, inci 7 gaba inci 4 baya. Na 1979 ajin da ke biye yake shiga, na masu sanyin iska da birkin dirom, a Turai ma haka dokar irin wannan aji take. Ka ga wanda ya saye shi da diski sai ya sake kashe kuɗi ya nemo tsohuwar shoka da tsohon wili kafin a bar shi ya shiga layi.

Don haka tambayar da za ka yi ma dillali ita ce, ina tsoffin kayan? In mai shi na da hankali ya aje shokar asali da wili da tanki a buhu, a haɗa maka da su, to asarar kaɗan ce, don duk abin da anka ɗaura da noti ana kwance shi. Abin da ba ya dawowa shi ne yanka da walda. Shokar zamani ba ta hawa tsohon casis haka nan, sai an sake mariƙinta na sama da na ƙasa, wani lokaci a kai ma mai injin gurza ƙarfe, wani kuma ya ga hanya ta yi nisa ya kira mai walda ya ƙone wuyan. Ka sa fitilar waya ka leƙa ƙarƙashin wuyan da bayan tanki. Waldar kamfani layinta a tsare yake, ta bakin titi dunƙule-dunƙule ce an shafe ta da baƙin fenti. Wannan ba maganar daraja ba ce kawai, maganar rai ce, wuyan da anka ƙona in ya karye kana cikin gudu a burji Allah dai shi kiyaye. Kuma ko an ɗaura da kyau, in shokar gaba ta fi ta asali tsawo gaban ya ɗaga, mashin ya ƙi shan kwana, a yashi sai ka ji gaba na gudu ya bar ka.

Ni a ganina mu nan Sakkwato mu daina auna mashin da kasuwar da ba mu cikinta. Wa zai zo Mabera daga Ingila ya saye shi? In fitar da shi za ka yi, kuɗin jirgi da takardu su cinye ribar. Darajarshi a hannunka ita ce yadda yake tashi da yadda za ka iya riƙe shi, kuma nan ne nake jin tsoro ma mai sayen farko. Fistin da ringi da konrod na YZ250 ba ka samunsu a kasuwar ƴan sifiya ta gari, akwai kamfanoni irin Wiseco da har yanzu suke yin fistin na tsoffin nan amma da dala ake saye kuma sai ka jira. Fetur yana sha ba wasa, ga shi tun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Mai na haɗi dole mai kyau na inji mai hayaƙi, galibi kashi 1 cikin 32 na fetur, ba baƙin man janareto ba. Zafinmu na watan Afrilu da ke wuce digiri 40 in ya haɗu da inji mai sanyin iska da zurfin yashi da giya ta ɗaya, fistin kan kama. Ƙurar hunturu kuma in soson iska ya tsage rana ɗaya ta isa ta cinye bulok. Shi kuwa DT duk wani tsohon bakanike ya san cikinshi, kayanshi ana samu, kuma kana iya zuwa kasuwa da shi ka dawo.

In ka kai ga gwaji, ka ce kar a tayar kafin ka zo, ka dafa bulok ka ji da sanyi. Mai lafiya kikinshi da nauyi yake, yana ture ƙafa. In ya tashi ka saurara, ƙarar ƙarfe daga ƙasa boris ɗin kiranshaf ne, in kuma ka saki totur amma injin ya ci gaba da ihu kafin ya sauka to yana shan iska ta sil, wanda ya daɗe a ajiye kusan duk haka suke, kuma shi ke kashe inji. Ka roƙi bakanikenka, naka ba na dillali ba, ya kwance bakin salansa, minti kaɗan ne, ku haska fitila ta ramin ku ga jikin fistin. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa to ya taɓa kamawa, ka sa kuɗin fistin da borin cikin lissafi. Mai mashin da ya hana a kwance salansa ya riga ya ba ka amsa.

Game da farashi, in ya tabbata DT ne da rigar YZ, kuɗin tsohon DT mai lafiya za ka taya, ka ɗan ƙara don diskin in an ɗaura shi da kyau, kuma in hawa kake so wallahi ba ka faɗi ba. In YZ ne na gaske, lamba ta yi daidai, casis ba walda, takardu cikakku, tsoffin kaya na nan, to ya cancanci a zauna a yi ciniki, amma duk da haka ban ga kuɗin Boxer biyu a jikin haɗe-haɗe ba, sai ka cire abin da za ka kashe ka maido shi yadda yake. In casis na YZ ne inji na wani abu, kuɗin kayan gyara ne kawai.

Ka ɗauko mini hoton lambar wuya da ta inji da gindin bulok da ƙarƙashin wuyan, da hoton mashin ɗin daga hagu da dama, ka turo, in sha Allahu zan faɗa maka ko mi ne ne kafin ka sake zama da dillalin.