Tambayoyinku: Abincin Rana a Waje

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Tsakanin gidana da wurin aikina akwai nisa, don haka kullum a gidan abinci nake cin na rana. Akwai wanda na saba da shi kusa da ofis. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wata rana in ci shinkafarsu har da santi, wata rana kuma ita dai wannan shinkafar ta sa in kwana ina zarya bayi. Na tambaya, ba a canza mai girki ba. Cikina ne ko kuwa su ne? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa, kafin ka tuhumi cikinka ko mai girki, tuhumi agogo. Ranar da ka yi santi ƙarfe nawa ka je? Ranar zarya fa?

Na yi shekaru ina cin abincin rana a wani ɗan ƙaramin wuri mai tebur shida da fanka guda mai ƙara kamar za ta faɗo. Idan na isa sha biyu da rabi, ana ɗaga murfi tiriri zai bugi fuskata, shinkafa warwas, miya tana ɓararraka, nama ka taɓa shi da cokali ya rabu. Wata rana taro ya riƙe mu a ofis, sai uku da rabi na samu fita. Tukunyar dai ita ce, amma gefen shinkafar ya bushe ya yi tauri, mai ya taso ya kwanta a kan miya, ga ƙanzo an kankaro an haɗa mini don faranti ya cika. Na sa bayan hannu a jikin farantin, ba zafi ba sanyi. Yunwa ta ce ci, na ci. Kafin magariba na amayar da shi tas.

Wannan "ba zafi ba sanyi" ɗin nan ne matsalar. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a dafaffen abinci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar shi a ajiye haka nan fiye da awa 2: ko dai ya zauna a kan wuta sama da digiri 60, ko ya shiga firji. Shinkafa kuwa tana da nata abokin gaba, wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus. Dafuwa ba ta kashe irinta, yana nan kwance, shinkafa na hucewa sai ya farka ya zuba dafi. Wani dafin ko an yi ɗumame ba ya mutuwa, kuma shi ne mai sa amai cikin awa 1 zuwa 5. Mai sa gudawa yakan ɗauki awa 6 zuwa 15, kamar yadda naka ya jira dare. Miyar nama da ta jima a babbar tukunya ita ma tana da tata, Clostridium perfringens, aikinta ke nan murɗa ciki da zawo.

Ba ƙaramin abu ba ne. A rahotonta na 2015 hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 600 suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, wato kusan 1 cikin 10 na mutanen duniya, 420,000 kuma suna mutuwa.

Ni yanzu kujerun alfarma da hasken fitila ba sa ruɗina. Ina duba layi: inda mutane suke cincirindo tukunya ba ta daɗewa, ana ƙarewa ana ɗora wata. Idan na makara, sai in nemi abin da za a soya ko a dafa a gabana, in tsallake ɗanyen ganye da aka yanka tun safe. Ina kuma lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke ɗaukar nama. In zaryar ta kama ka, ka riƙa shan ruwan gishiri da sukari. In ka ga jini, ko zazzaɓi ya shigo, ko ta wuce kwana biyu, sai asibiti.

TAMBAYA: Malam, maigidana kullum yabon abincin waje yake yi, alhali kayan miyar da suke sawa nake sawa. Wane sirri gare su? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sirrin nasu bai wuce abu huɗu ba: gishiri, mai, wuta, sai yunwa. Na taɓa tsayawa a bakin madafar wani gidan abinci ina jiran a ƙunsa mini, na ga mai girki yana watsa gishiri da tafin hannu, mai kuma da ludayi. Ke da kike tausayin mutanen gidanki ba za ki iya ba. Abin da aka ba babban mutum shawarar ci a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, su kuwa ba su da wannan lissafin. Kayan ɗanɗano ma ba wani asiri ba ne, tun 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba da wannan daɗin a cikin ciyawar teku.

Wuta ce kawai nake yarda sun fi gida. Murhunsu yana da ƙarfi, nama na taɓa kasko yake yin ja, gardinsa ya fito. A gida in an cika kasko, naman ruwa yake fitarwa ya dahu a ciki. Ki riƙa soyawa kaɗan-kaɗan, ki tsane shi tukuna, za ki ga bambanci.

Sai yunwa. Su da rana tsaka suke samunsa, cikinsa na ƙugi, ke kuma sai dare, ya gaji ya riga ya taɓa wani abu a hanya. Ni dai abincin waje a loma ukun farko yake burge ni, daga nan sai in wuni ina neman ruwa.

TAMBAYA: Malam, da na ci na rana sai gyangyaɗi a gaban kwamfuta, har oga ya fara yi mini magana. Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Jikin ɗan Adam dama yakan yi sanyi tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku ko bai ci komai ba, faranti mai tozo da lemon kwalba su ƙara masa nauyi, in kuma baccin dare bai ishe ka ba abin ya haɗu. Ni nakan ce a rage mini shinkafar, a ƙara wake ko ganye, in sha ruwa. Na kuma bar wurin da ke gindin ofis na koma wani mai tafiyar minti goma a ƙafa, duk da cewa miyarsu ba ta kai ta na kusan daɗi ba.