Amsa ga ɗan'uwan da oga ke dawo wa da rahoton odit da jan biro

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, kace an tura ku odit, wato binciken kuɗi, wata hukumar gwamnati nan cikin Kaduna, kun kwashe sati uku kuna duba fayil da boca (takardar biyan kuɗi), amma rahoton da ka rubuta sau biyu kenan oga na dawo maka dashi da jan biro, kuma bai ce maka komai ba illa "bai tsaya ba". Toh wallahi dariya nayi, don nima an min haka a farkon aikina, har na fara tunanin mutumin tsanata yayi kawai. Ashe gaskiyarsa ce.

Ban ga daraf ɗinka ba, amma zan iya rantsewa akwai jimla irin wannan a ciki: "an lura cewa akwai rashin bin ƙa'ida wajen kashe kuɗi, ana ba hukumar shawara ta riƙa bin ƙa'ida." Kowa da ita yake farawa. Kuma ita ce oga ke nufi da bai tsaya ba, saboda wace ƙa'idar? nawa ne kuɗin? wace boca? wa zai gyara, yaushe? In ka kai wa Babban Sakatare wannan zai sa hannu yace an gani, ya jefa a durowa, baɗi ka dawo ka tarar da abinka yadda ka bari.

Ka fara sanin wa kake rubuta wa. Wannan da kake rubutawa wasiƙa ce zuwa ga shugaban wurin, shi ne wanda doka ta ɗora wa alhakin kuɗin, kuma mutum ne da zai karanta shafi biyun farko tsakanin mitin da mitin, sauran ya tura wa Daraktan Kuɗi. Amma kar ka manta takardar na iya yin tafiya. Sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ya ce Babban Odita na jiha zai miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki cikin kwana 90 da karɓar bayanan kuɗi daga Babban Akanta, sai kwamitin kula da asusun gwamnati ya zauna a kai. Kenan abin da ka rubuta yau a ɗan ofishinka, in ba a warware shi ba, wata rana a Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jihar, za a karanto shi ana tambayar mutum mai furfura ya yi bayani. Ka riƙa rubutu da wannan a ranka.

Ni yadda nake yi, duk da da Turanci ake rubuta rahoton, a kaina da Hausa nake fara tsara kowace matsala, kamar ina ba wani dattijo labari wanda bai taɓa shiga ofis ba. Me ya kamata a yi? Me aka yi? Me ya jawo? Me hakan zai haifar? Me za a yi yanzu? In na kasa amsa ɗaya daga cikinsu da Hausa, toh Turancin ma ƙarya zan yi. Misali, maimakon waccan jimlar ta sama sai kace: boca 14 na sayen kayan ofis, jimillarsu naira miliyan kaza, tsakanin Maris da Yuli, an biya su ba tare da takardar shigar kaya sito ba, lambobinsu na nan a rataye na 3 a bayan rahoton, alhali sakin layi kaza na ƙa'idojin kuɗi ya ce ba a biya sai da ita. Kaga yanzu babu mai ce maka "ina?" don ka riga ka nuna masa.

Wajen ƙa'idar nan ka kula sosai, yara da yawa nan suke faɗuwa. Kar ka ɗauko dokar tarayya ka liƙa wa hukumar jiha. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tarayya ce, Kaduna na da tata ta 2016, ƙananan hukumomin nan 23 kuma littafin ƙa'idar kuɗinsu daban ne. In ka kawo dokar da ba ta shafe su ba, Daraktan Kuɗi da ya san aikinsa da layi ɗaya zai rushe maka shafi guda, kuma daga nan ko abin da ka faɗa daidai ma sai a fara kallonsa da shakka. Haka harajin VAT, tun Fabrairun 2020 ne ya koma kashi 7.5, kafin nan kashi 5 ne, na taɓa ganin wanda ya lissafa wa tsohuwar kwangila sabon kaso ya rubuta wai an cire ƙasa da abin da ya kamata, kunya ta ishe mu ranar.

Amma inda nake so ka fi zama shi ne "me ya jawo", don nan ne aikin yake, kuma nan ne ni na sha kashi. Shekarun baya aka tura mu wata hukuma, ba sai na faɗi suna ba, na tarar an biya kuɗin kujeru da tebura masu yawa, na duba lejar sito babu, na shiga siton da kaina babu ko ƙafar kujera. Jinina na tafasa lokacin, na zauna na rubuta cewa an karkatar da kuɗin, kayan ba a saye su ba. Har ina jin daɗi na kama ɓarayi. Ranar zaman rufe aiki, ɗaki cike, shugaban wurin ya karanta ya cire tabarau yace a kira masa sitokipa. Wani tsoho ya shigo da leda a hammata, ya ciro webil, wato takardar rakiyar kaya, ya ciro takardar da shugaban reshensu na wajen Kachia ya sa hannu cewa ya karɓi kaya, yace ranka ya daɗe ai motar kai tsaye ta wuce can, ba ta tsaya nan ba, kuma littafin shigar kayan ya ƙare tun watanni, na rubuta a bugo sabo ba a bugo ba. Washegari muka ɗau mota muka je, ga kujeru nan mutane na zaune a kai. Ban taɓa jin ƙasa ta tsage in shige ba irin ranar.

Ka lura, matsala fa akwai ta, ta gaske ma: kaya na tafiya reshe ba tare da sun bi ta sito ba, babu rajistar kadara, gobe in rabin kujerun suka yi ƙafa babu wanda zai sani. Amma da na tsaya na tambayi tsohon nan minti biyar kafin in rubuta, da shawarar da zan bayar ita ce a bugo littafin cikin sati biyu, a hana biyan kowace boca sai da takardar sito, a ƙirga kayan rassa a shigar dasu rajista. Maimakon haka na nemi a dawo da kuɗin da ba wanda ya ci, sai duk zaman ya koma kare kai, ainihin gyaran ya bi ruwa.

Tun daga ranar na cire kalmomin sata, zamba, almundahana daga bakin birona. Ba naka ba ne, na kotu ne da su EFCC da ICPC. Kai abin da ido da takarda suka nuna maka zaka rubuta: "ba a gabatar mana da rasit ba har zuwa ranar kaza", "mun je wurin ranar kaza mun tarar ginin a matakin linta alhali an biya kashi 100". Wannan ya fi zagi zafi ma in ka lura, kuma ba mai kai ka ƙara a kai. In abin ya yi warin laifi sosai, ka kai wa oga baki da baki tare da kwafin takardun, shi ya san inda zai tura. Sunan mutum ma ni bana sawa sai inda za a ce ya dawo da kuɗi, kamar wanda ya karɓi adibas na tafiya ko imfires (kuɗin ƙananan hidimomin ofis) bai kawo rasit ɗin yadda ya kashe ba, sauran muƙami ya isa.

Sai tsarin jerawa. Kar ka jera yadda ka ci karo dasu, kuma kar ka kawo abu arba'in don a ce ka yi aiki. In ka samu asusun banki da ke waje da asusun bai ɗaya na gwamnati, wanda jihar nan ta koma kansa tun 2015, ko harajin da aka cire wa ma'aikata da 'yan kwangila ba a tura ba, ko kwangila ɗaya da aka yayyanka gida huɗu don kar ta kai matakin da za a yi tanda, wato gasar neman kwangila, waɗannan su ne shafin farko. Bocar da aka manta ba a buga mata hatimin an biya ba, da kashbuk ɗin da aka goge da tifes, ka tara su a tebur guda can baya. In ka cakuɗa su, a amsarsu ƙananan za su bi ɗaya bayan ɗaya su cika shafi biyar, manyan su ce ana dubawa.

Amsarsu kuma dole ta shiga rahoton, ƙarƙashin kowace matsala, yadda suka faɗe ta ba gyara, sannan kai ka ce ka gamsu ko baka gamsu ba da dalili. In an ce an dawo da kuɗi kar ka yarda da baki, ka nemi tela, wato takardar shaidar zuba kuɗin, da sitatimen ɗin banki. In sun ƙi amsawa ka rubuta ranar da ka aika, ranar da ka tuna musu, da cewa ba amsa, shikenan. Kuma ka nemo rahoton bara ka duba me aka ce za a gyara, abin da ya maimaitu ka rubuta ƙarara cewa shekara ta biyu kenan ko ta uku, wannan layin kaɗai na ga ya tada shugabanni daga kujera fiye da komai.

Wani abu da ba a koyarwa a Poli ko darasin ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN: lokacin da daraf ya fita ne za ka fara ganin kirki, a ce ga na mai, ga na shan ruwa, yallaɓai wannan sakin layin a ɗan sassauta shi. Ka yi godiya ka bar musu abinsu, don ranar da ka karɓa biron ya zama nasu.

Kafin ka mayar wa oga karo na uku, ka sake haɗa duk lissafin rataye da kalkuleta, jimillar da ke ciki ta yi daidai da wadda ke jikin rahoton har kwabo, kuma kowane adadi ka rubuta lambar takardar aikinka a gefe da fensir don in ya tambaya ka buɗe nan take. In kana so ka goge sunan hukumar da na mutane ka turo min matsala biyu ta inbos in duba maka, amma sai bayan Isha'i, da rana ina aikin waje wajen Zariya wannan satin.