Kwanson da Aka Harba da Ratar Wuya: Amsoshin Masu Farauta a Amurka

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, inda doka ta yarda mafarauci ya sake ɗura kwanson harsashinsa a gida.

Wani ɗan'uwa daga jihar Teksas ya rubuto hankalinsa a tashe. Ya ce bindigarsa ƙirar .308 Winchester ce, ya harba harsasan da ya ɗura da hannunsa, sai sakatar ta yi tauri wajen buɗewa, kuma ya ga wani ɗan tabo mai sheƙi a gindin kwanson.

Ɗan'uwa, ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya, kuma kada ka ƙara harba ko ɗaya daga cikin ragowar. Taurin sakata da wannan tabo alamu ne cewa matsin iskar albarushi ya wuce kima, har tagulla ta fara kutsawa cikin ramin ƙarfen da ke tunkuɗo kwanso waje. Ka juya kwanson ka dubi maƙyastin da ke tsakiyar gindinsa: in gefensa mai lanƙwasa ya baje ya shafe, shaida ta ƙaru. Hukumar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar wannan harsashi a matsi 62,000 a ma'aunin psi, kuma sau da yawa kafin tagulla ta nuna alama an riga an haura iyakar. Ka warware ragowar, ka koma kan mafi ƙarancin awon albarushin da littafin ɗuri na kamfanin Lyman ko na Hornady ya rubuta.

Wani daga Fensilbeniya ya ce ya ga buhun kwanso a kasuwar bindigogi da araha, an rubuta cewa sau ɗaya aka harba su, yana so ya matse wuyansu daga .308 zuwa .243, wato faɗin kan harsashi a ma'aunin inci. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, a nan zan daɗe, domin wannan arahar ita ce ta fi damuna. Wa ya ƙirga maka sau nawa aka harba su? Yawancinsu tsinto su aka yi a filin koyon harbi, na kamfanoni daban-daban a gauraye, wasu ma na soja ne, waɗanda bangonsu ya fi kauri, cikinsu ya fi ƙunci, awon albarushi ɗaya ya fi yin matsi a cikinsu. Sannan duk kwanson da aka matse wuyansa zuwa ƙaramin baki, tagullar ba ta da inda za ta je, sai wuyan ya ƙara kauri.

Ga dalilin da ya sa kaurin wuya ke da haɗari. Lokacin harbi dole wuyan kwanso ya ɗan buɗe ya saki kan harsashi, kuma ba zai buɗe ba sai da rata tsakaninsa da bangon mazaunin harsashi. In babu rata, wuyan ya riƙe kan harsashi gam, matsi ya hau nan take, fuskarka kuwa tana dab da sakata. Lissafin ba shi da wuya: faɗin kan harsashi, a haɗa da kaurin bangon wuya sau biyu. Misali, kan harsashi mai inci 0.308 da bango mai 0.014 za su ba ka wuya mai 0.336. Sai ka auna wuyan kwanson da ka harba a bindigarka, ka ƙara kamar 0.001 saboda tagulla takan ɗan koma bayan harbi, ka ga bambancinsa da wancan lissafi, shi ne ratar. A bindigar farauta, wadda ƙura ke shiga, ina so ratar kada ta gaza 0.003. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi: ka ɗauki kwanson da aka harba, tun kafin ka matse shi, ka zura sabon kan harsashi a bakinsa da yatsu biyu. In ya shige salin-alin, akwai rata. In ya cije, ko wuyan ya yi kauri ko kwanson ya yi tsayi, tsayin kwanson .308 bai kamata ya wuce inci 2.015 ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya kashe kuɗi masu yawa a kan madubin hange, sannan ya sayi ma'aunin roba na banza wanda kowane awo daban yake nunawa. Kuɗin da za ka zuba a wannan buhu, ka sayi maikiromita mai kan ƙwallo, wato ma'aunin kaurin bangon wuya, da sabon kwanson .243 na kamfani ɗaya. In ka riga ka saya, ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kowane kwanso kusa da gindi. Wanda wayar ta maƙale a wani ɗan kwari a cikinsa ya kusa rabewa biyu, ka murƙushe shi ka jefar.

Mai tambaya kan baƙin hayaƙi a wuyan kwanso, kwantar da hankalinka. Kaɗan a wuya ba komai ba ne. In ya gangaro har kafaɗa, matsi ya yi ƙasa ne ko tagulla ta taurare ba ta toshe mazauni da kyau.

Shi kuwa wanda ya ce in gaya masa kayan ɗuri da zai aika wa ƙaninsa a gida Najeriya, ban ga abin tambaya a nan ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, kuma ɗaurin da zai jawo wa yaron ba wasa ba ne. Kada ka aika.